Gawon Gilashi na Inna Iyatu

Kaura Namoda,
20 ga Nuwamba, 1999.

Zuwa ga taubashiyata Kubura, dillaliyar kayan ado a Shinkafi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗiyanki. Mu nan lafiya lau, sai idona na hagu da yake ɗan yi mini hazo. Matata Uwani tana gaishe ki.

Kafin in shiga magana, ki dubi rubutun nan da kyau. Ba malamin bakin tasha ne ya yi shi ba. Ni ne, Sanda, da hannuna. Na kammala ajin Yaƙi da Jahilci a watan jiya, na zo na biyu cikin mutum goma sha tara, an ba ni takardar shaida mai hatimi. Daga yau babu wanda zai ƙara jin sirrin danginmu don kawai ya iya riƙe biro.

Bayan haka, kin san Shari'a ta shigo jiharmu, mun kuma yi murna. Na tafi wurin Malam Usmanu, limamin unguwarmu, na tambaye shi hukuncin sana'ata. Ya ce duwatsun wuya da awarwaro da 'yan kunnen da nake narkawa daga kwalba ba su da laifi, amma tsuntsayen gilashin da nake ƙerawa surar mai rai ce, gara in bari. Ya ce, "Malam Sanda, Allah ya cika duniya da itace da fure, ka yi su." In faɗi gaskiya, bai ce in fasa komai ba. Amma mutum irina, wanda ya shekara bakwai a Bida yana koyon wuta, wanda ake dubansa a gari, ba ya yin abu rabi da rabi. Ranar Juma'a na kwaso tsuntsayen, tsiryoyi ne guda arba'in da ɗaya, na farfasa su a ƙofar gida jama'a na kallo, na kai na zuba a gulbin Gagare. An yi ta sa mini albarka.

Ga dalilin wannan takarda. Kin tuna gawon ƙofar gidanmu na Zurmi, gidan da kakana da kakarki suka tashi? Iskar bara ta kayar da shi. Inna Iyatu, wadda ita kaɗai ta rage mana a gidan, an ce har yanzu da hantsi takan sa a shimfiɗa mata tabarma a gurbinsa, cikin rana. Na yi niyyar in ƙera mata shi da gilashi, tsawon kamu ɗaya, da rassansa da ganyensa. Shi ne aikin da za a tuna ni da shi.

Na gindi da rassa ina da kwalaben maganin tari masu ruwan ƙasa. Ganye ne damuwata. Koren da ya dace da gawo, daga kwalbar giya kaɗai yake fita. A da, masu shagunan bayan tashar jirgi suna tara mini masu fasasshen baki. Yanzu sun rufe, sun kwashe har marafai. Ke da kike hulɗa da fataken Maraɗi, ki bincika mini.

Ni ne naki,
Malam Sanda Maitama, Mai Gilashi.

*

Shinkafi,
2 ga Disamba, 1999.

Malam Sanda mai lamba biyu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ciwon gwiwa da ba ya jin magani. Ka gaida Uwani, ka ce mata ina taya ta haƙuri, yanzu ga wuta ga biro.

Wa ya zo na ɗaya? Wannan ka ɓoye.

Na je Zurmi ranar Lahadi na kai wa Inna goro. Ƙafa ta tafi, ido ma ya tafi, yanzu da hannu take gane mutum, amma baki yana nan. Da na gaya mata abin da za ka yi, ta ce, "Wane Sandan? Wanda ya faɗo daga kansa ya karye yana satar 'ya'yan gawo ma awaki?" Ta yi dariya har ta yi tari. Da zan taho ta riƙe mini zane ta ce, "Da gaske zai yi?" Na ce da gaske. Don haka yanzu kai da ni duk mun ɗaure kanmu.

Tsiryoyin nan kuwa ka ba ni haushi. Matan Badarawa jera su suke yi a saman kwanoninsu, ko ranar kasuwa sai da wata ta tambaye ni su. Liman ya ce bari, kai ka ji fasa.

Na yi magana da Sabo, mai kawo mana atamfa daga Maraɗi. Ya ce zai duba, amma ya kalle ni wani iri. Ka tuna ni gwauruwa ce mai shiga gidajen mutane. Ranar da aka buɗe buhu aka ga kwalbar giya da sunana, babu matar auren da za ta ƙara ɗaga mini labule. Kwalbar lemo ba koriya ba ce? Mi ya hana ta?

Wannan hazon na idonka, ka je an duba?

Kubura.

*

Kaura Namoda,
15 ga Janairu, 2000.

Zuwa ga taubashiyata Kubura.

Bayan sallama da gaisuwa, ina yi miki barka da shan ruwa da barka da Sallah. Azumi ne ya jinkirta amsata, domin rubutu aiki ne mai buƙatar natsuwa.

Na farko, wanda ya zo na ɗaya Jabiru ne mai shayi. Ya taɓa yin aji uku a firamare, saboda haka a wurina ba a lissafa shi.

Na biyu, kwalbar lemo korenta na yaudara ne. Idan ta narke aka ja ta siririya kamar ganye, sai ta koma kalar ruwan wanki.

Na uku, batun ido. Na je asibiti. Malamin asibitin ya haska ya ce yanar ido ce, wutar shekara talatin ce ta dafa shi, kuma ta fara kama na dama. Ya ce in rabu da tanderu. Na tambaye shi ko zan kai damina ina ganin bakin tsinken ƙarfena, sai ya shiga gyara takardun gabansa. Na gane. Ban gaya wa Uwani ba, ke ma kada ki gaya wa Inna. Ganyen gawo bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, Kubura. Idan ban yi shi a ranin nan ba, ba zan yi shi ba.

Na fahimci tsoronki, mutuncinki kuwa nawa ne. Saboda haka ki aiko su ta yadda duk wanda ya buɗe buhu ba zai gane abin da ke ciki ba. Ki ba Lado direba, shi ke kawo takardunmu, na yarda da shi. Sauran bayani na sana'a ne, ba zan wahalar da ke da shi ba, abu ne da sai wanda ya zauna Bida.

Naki,
Malam Sanda Maitama.

*

Shinkafi,
10 ga Fabrairu, 2000.

Taubashi,

Lafiya muke, da fatan kuna lafiya. Maganar idonka ta hana ni cin tuwo ranar da na karanta. Yau ba zan tsokane ka ba.

Sabo ya kawo. Sittin da wani abu ne, ya cuso su cikin dilar atamfa, ya kuma rantse ba zai ƙara ba. Iri-iri ne, doguwa da gajera, mai kauri da marar kauri, wasu da rubutun Faransanci a jiki. Duk dai koraye.

To ga inda muke. Tun ƙarshen wata ana tsayar da motoci a hanyar Kaura, ana kwance buhu har ƙasa. Ko cikin dusa na binne su, hannu zai taɓo. Na juya maganarka, ka ce yadda ba za a gane ba. Kwalba dai in tana tsaye kowa ya san ta. Na ga tunda narka su za ka yi, bari in rage maka aiki, in wanke su in dake su a tsohon turmi, su koma kamar tsakuwa. Wanda ya tambaya a ce na shafen daɓe ne.

Idan ba haka kake so ba, ka aiko kafin kasuwa uku. In na ji shiru zan daka.

Kubura.

*

Kaura Namoda,
12 ga Maris, 2000.

Zuwa ga taubashiyata Kubura.

Gaisuwa da fatan alheri. Wata biyu ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba. Duk ranar da Lado ya sauka a tasha ina tsaye, sai ya ce babu. Idan na yi miki laifi a takardata ta baya, ki sani sabon marubuci ne, biro yakan riga zuciya.

Ina sanar da ke cewa gindi ya tsaya. Kwana ashirin da shida muka yi, Uwani a kan zugazugi, ni a bakin wuta. Na yi masa karkatar nan tasa ta wajen gabas, da kogon da muke ɓoye ƙwallon goruba, da reshen da na faɗo daga kansa. Rassa goma sha huɗu. Jiya Malam Usmanu ya shigo ya gani, ya zagaya shi, sannan ya ce, "Tabarakallah." Ya tambayi ganye, na ce yana hanya.

Yanzu idan na dubi wuta da idon hagu, fari kawai nake gani, kamar an zuba nono a ruwa. Da na dama nake aiki. Ki taimake ni ki hanzarta.

Naki,
Sanda Maitama.

*

Shinkafi,
6 ga Afrilu, 2000.

Taubashi,

Ga buhu nan biyu hannun Lado. Ka ce ba ka ji daga gare ni ba, alhali na rubuto tun Fabrairu. Na jira kasuwa uku kamar yadda na faɗa, na ji shiru, na daka. Sai yau da na titsiye Lado ya zazzage aljihun motarsa, ga takardata nan kwance cikin takardun mota, ta sha baƙin mai. Na haɗo maka da ita.

Kwana tara na yi ina daka, ƙofa a rufe. Ya yi laushi, za ka ji daɗin narka shi.

Kubura.

*

Kaura Namoda,
9 ga Afrilu, 2000.

Kubura,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kwance buhu na zuba hannu, na zauna a ƙasa ina ta salati. Uwani ta ɗauka mutuwa aka aiko.

Kin kashe ni, Kubura. Cewa na yi ki ɓoye, ban ce ki daka ba. Ki saurara, ko da yake saurare ba shi da sauran amfani. Kwalba ba jini ɗaya ba ce. Kowane kamfani da irin haɗinsa. Idan sun yi zafi duk ɗaya suke, amma wajen hucewa kowace da yadda take tsukewa, wata da sauri, wata a hankali. Idan ka haɗa biyun da ba su jitu ba, za su zauna lafiya kwana ɗaya ko kwana goma, sannan su rabu. Shi ya sa nake ware kwalabe iri-iri, in ɗiga kowane iri a jikin gilashin reshe, in jira in gani, wanda ya riƙe shi nake ɗauka. Tanderun ƙasa irin nawa ba shi da zafin da zai mai da su abu guda. Cikin sittin ɗin nan, da na sami goma masu kyau sun ishe ni. Yanzu suna ciki, ina taɓa su da hannuna, ba ni da hanyar fitar da su.

Ko yaron Bida mai shekara bakwai ya san wannan.

Sanda.

*

Shinkafi,
20 ga Afrilu, 2000.

Sanda,

Ni ba ɗiyar Bida ba ce, ɗiyar Zurmi ce kamar kai. Ka ɗauko takardarka ta bayan ƙaramar Sallah in kana da kwafinta. Layi uku ka ɓata a kan Jabiru mai shayi. Abin da zai tsirar da aikinka kuwa ka ce ba za ka wahalar da ni da shi ba. Da ka rubuta "kada ki haɗa su", kalma huɗu, da biron ya ƙare?

Tafin hannuna duk tsaga ne, har yau ba na iya tuƙa tuwo. Turmin uwata ne, yanzu ba mai ƙara daka hatsi a cikinsa. Na koma wurin Sabo na roƙe shi har da hawaye, ya ce ko ɗiyarsa ce ta roƙa ba zai ƙara ɗauko kwalba ba.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, in tambaye ka. Tsiryoyi arba'in da ɗaya da ka zuba a Gagare don a sa maka albarka, wace kala ce da su?

Na faɗa, kuma na yi nadamar faɗa, amma ba zan goge ba. Ka yafe mini dakan. Wallahi sauƙi na nufe ka da shi.

Inna ta aiko a tambaye ni ko itacen ya yi ganye.

Kubura.

*

Kaura Namoda,
4 ga Yuni, 2000.

Zuwa ga taubashiyata Kubura.

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri da girman baƙaƙen nan, sai na yi su haka nake ganinsu.

Tsiryoyin koraye ne. Daga kwalba iri ɗaya na yi su duka, wadda na gwada shekara da shekaru, kuma da irin gilashin rassan nan na yi musu ƙafafu ba su taɓa rabuwa ba. Da na ajiye su a kwando, da sun yi ganyen gawo uku. Ban tuna ba sai da kika faɗa. Washegari na ɗauki rariya na tafi Gagare, inda na zuba su. Yini biyu ina tankaɗe yashi, masu ɗibar ruwa suna tsammanin na taɓu. Bakin tsirya guda ɗaya tak na samu, ja. Laifin nawa ne, ba naki ba. Na yafe, ke ma ki yafe.

Sai na ce bari in gwada, ko Allah zai sa a dace. Na narka garin naki. Kubura, ban taɓa ganin kore irinsa ba, ga duhu ga haske a ganye ɗaya, kamar gawo da hantsi. Wata guda ina ɗora su ɗaya bayan ɗaya, Uwani tana gaya mini inda tsinke ya nufa idan ya ɓace mini. Na binne itacen a toka mai ɗumi kwana uku ya huce a hankali. Muka tone shi, muka wanke. Ya tsaya. Kwana shida yana tsaye a kan tabarma a tsakar ɗaki, har na aika a gaya wa Lado ya tanadar mini gidan gaba a motarsa zuwa Zurmi ranar Asabar.

Ranar Alhamis aka yi ruwan farko, gari ya yi sanyi. Da safe muna karyawa sai muka ji ƙyas. Uwani ta ce ɓera ne. Muka sake jin ƙyas. Na san ko mene ne, ban tashi ba. Kafin azahar ganyen yana zuba kamar ana sheƙar gero. Ban taɓa shi ba, ba wanda ya taɓa shi. Uwani ta share ta cika ƙwarya. Guda bakwai suka rage, su ma jiya sun sauka.

Ga gindin nan na ba Lado, a naɗe cikin tsumma. Ba zan iya ajiye shi ba, ba zan iya fasa shi ba, ba kuma zan iya shiga Zurmi da shi tsirara ba. Ki yi yadda kika ga dama da shi. Ki ce wa Inna ban iya ba.

Sanda.

*

Zurmi,
15 ga Yuni, 2000.

Taubashi,

Daga ɗakin Inna nake rubuto maka, tana gaishe ka. Ka ce in yi yadda na ga dama da shi, to na kawo mata shi.

Na same ta a gurbin nan, an shimfiɗa mata. Na kwance tsumman na ɗora mata a cinya, ina shirya yadda zan faɗa mata. Ba ta bar ni na buɗe baki ba. Ta bi shi da yatsa tun daga gindi. Ta ce, "Ga karkatarsa." Ta sa ɗan yatsa a kogon ta ce, "Ɗan banza, har da wannan." Da ta kai reshen naka ta tsaya ta ce, "Nan ne. Nan ya faɗo, ni na ɗauke shi."

Sannan ta shafa saman, ta shafa, ta sake shafawa. Na ce, "Inna, ganyen ne..." Ta ce, "Ke Kubura, kin girma a banza. An yi ruwa ko ba a yi ba?" Na ce an yi. Ta ce, "To wane gawo kika taɓa gani da ganye da damina? Kowane itace na tohowa shi yana zubarwa. Yaron nan ya san itacensa. Ku bar shi, in an yi kaka zai fitar."

Matan gidan suka yi dariya, ni na fita bayan ɗaki.

Ta hana a kai shi ciki. Kullum sai an fito mata da shi tare da tabarma. Ta ce in rubuta maka, da an yanke gero ka taho da kanka ka sa masa ganyensa, za ta sa a dama maka fura.

Mi zan ce mata?

Kubura.

*

Kaura Namoda,
2 ga Yuli, 2000.

Kubura,

Muna lafiya. Malam Usmanu ne ya karanta mini takardarki, na sa ya maimaita wurin reshen. Wannan kuwa ni nake rubutawa, Uwani tana riƙe mini gefen takarda kada in fita. Ina jin ita ce ta ƙarshe da hannuna. Wata takwas na yi ina da rubutu.

Na dama ya bi ɗan'uwansa. Ruwan shekaranjiya ya rusa bakin tanderu, ban sa a gyara ba. Kazar Uwani ta fara ƙwai a ciki. Zugazugi na ba maƙerin bakin kasuwa.

Ƙwaryar ganyen tana ƙarƙashin gado. Wani lokaci nakan zuba hannu.

Kada ki ce mata komai. Idan ta tambaya, ki ce na ji, na kuma gode da furar. Gero bai ko yi bununi ba tukuna. Ki bar ta ta jira kaka.

Sanda.